Ɗinkin Zirin Waya a Ƙaramin Allon Taɓawa: Sabuwar Sana'a a Karkarar Kano

Wanda ya fita daga birnin Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo, to kafin ya kai kasuwar hatsi ta Dawanau zai ratsa ta Bacirawa, a cikin ƙasar Ungogo. Wannan yanki yana daga cikin karkarar nan mai cinkoson jama'a wadda ta kewaye birni, wadda kuma masana labarin ƙasa suka daɗe suna mamakin yadda take ciyar da mutanenta. A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a gundumar Ungogo, suka nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an hutar da ita ba, amma kuma ba ta mutu ba. Asirin abin kuwa shi ne, mutanen wurin ba su zubar da komai. Jakuna su kai itace birni, su komo da taki, watau toka da shara da kashin dabbobi. Karan dawa ya zama danga ko makamashi, harawa ta zama abincin tumaki, tsohuwar ƙwarya in ta fashe a ɗinke ta, tsohuwar fartanya in ta ci a kai wa maƙeri ya sake ta.

Yau birni ya cinye gonaki da yawa na Bacirawa, gidajen bulo sun tsaya inda dā gero yake tsayawa. Amma da zarar an ɗan nausa arewa, sai a tarar da karkarar tana nan yadda aka san ta, da halin mutanenta na ƙin jefar da abin da yake gyaruwa. Sai dai wani sabon kaya ya shigo hannunsu wanda ba a ƙera shi don a riƙa gyara shi ba, shi ne ƙaramin allon nan na gilashi wanda ake taɓawa da yatsa ya amsa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana wata cuta guda ɗaya da ke yawan kama wannan allo, da yadda ake gane ta, da yadda ake maganinta, da kuma inda maganin yake ƙarewa.

Kada mai sauraro ya ɗauka maganar wasa ce ko ta 'yan birni. Tun daga watan Agusta na 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka soma aikin wayar salula a Nijeriya, wayar ta yi ta kutsawa har ta kai ga bukkar manomi. A 2012 gwamnatin tarayya, ta hannun ministan aikin gona na lokacin, Akinwumi Adesina, ta soma raba takin zamani mai rangwame ta hanyar saƙon waya. Daga nan sai ga babbar waya mai allo, galibi Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Sa'an nan sai ga na'urar POS. Kowa yana iya tuna farkon shekarar 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, kuɗi ya ɓace daga hannun jama'a. A waɗannan watanni manomin da ya kai buhun gero Dawanau ba ya ganin kuɗinsa sai ta cikin allo, ba ya kuma mayar da su tsabar da zai sayi gishiri sai ta hannun mai POS. Saboda haka ran da allon mai POS ya daina jin yatsa, ba shi kaɗai ya shiga uku ba.

Sunan abin

Tun da yake wannan lacca ta fito daga ɓangaren nazarin harshe, ya kamata a ɗan tsaya kan sunaye. Kalmar waya dai ararriya ce daga Ingilishi, asalin ma'anarta kuwa zaren ƙarfe. Da Turawa suka kawo tangaraho sai saƙon da ke bin zaren ya ɗauki sunan zaren, aka ce an buga waya, ofishin da ake bugawa ya zama gidan waya. Tarho ya gaji sunan, salula ta gaje shi daga tarho, har aka wayi gari ana kiran abin da ba shi da waya ko ɗaya a waje da sunan waya. Allo kuwa daga Larabci ya zo, ya soma da allon almajiri, ya koma allon bango na makarantar boko, yanzu ga shi ya zama fuskar na'ura.

Masu gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano suna da nasu kalmomi. Gilashin da ke nuna hoto su ce sikirin, wanda ke jin yatsa su ce tac, faifan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar na'ura su ce fanel, abin da ya haɗa su kuwa, wanda shi ne abin magana a nan, su ce fileks. Ba laifi ba ne aro, kowane harshe mai rai yana yi. Amma fileks ba ta gaya wa Bahaushe komai game da kamannin abin. A nan za a kira shi ziri, domin duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masaƙi ya ga yadda zaruruwa suke kwance jere da juna, kowanne a layinsa, har su zama sawaye ɗaya siriri mai faɗin yatsa, ya riga ya fahimci rabin maganar. Zirin waya sawaye ne wanda zarensa jan ƙarfe ne.

Yadda aka ƙera shi

In aka buɗe bayan na'ura za a ga ziri kamar ɗan tsiri na leda, launin zuma ko baƙi ko fari, ya fito daga gindin gilashi ya lanƙwasa ya shiga wata 'yar maƙala a jikin fanel. Iri uku ne aka fi gani, kuma wajibi ne mai gyara ya bambanta su, don kuwa maganin ɗaya guba ne ga ɗaya.

Na farko shi ne farin nan wanda bakinsa biyu suke da ƙarfi, galibi da shuɗin tallafi. Wayoyi ne shimfiɗaɗɗu aka jera aka rufe da leda sama da ƙasa, duka bakin biyu ana zare su. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, in ya lalace sauya shi ake yi. Na biyu shi ne mai launin zuma. Ba jera wayoyi aka yi ba, a'a, an shimfiɗa fallen jan ƙarfe ne a kan wata irin leda mai jure wuta, aka zana hanyoyi, aka sa ruwan magani ya cinye sauran, sa'an nan aka rufe da wani fallen. Ledar ita ce wadda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar a shekarun 1960 da sunan Kapton, ba ta narkewa a zafin da dalma take narkewa, kuma wannan hali nata shi ne ya sa ɗinki yake yiwuwa. Kaurin jan ƙarfen bai wuce kashi 18 ko 35 cikin 1000 na milimita ɗaya ba, watau bai kai kaurin gashin kai ba. Tazarar da ke tsakanin baki da baki kuwa sau da yawa rabin milimita ce, wani lokaci ma kashi 3 cikin 10. Na uku shi ne wanda aka buga hanyoyinsa da tawadar azurfa ko ta gawayi a kan leda gama-gari mai haske. Wannan ko ƙarfe mai zafi ya matso kusa da shi sai ya yanƙwane.

Yawan hanyoyin ya danganta da aikin zirin. Tsohon allon taɓawa, irin wanda sai an danna shi da farce ko da tsinke, falle biyu ne da 'yar tazara tsakaninsu, in aka danna suka haɗu na'ura ta auna inda suka haɗu. Wannan hanyoyi huɗu kawai yake bukata, masu faɗi kuwa, don haka ɗinkinsa ya fi kowanne sauƙi. Na zamani kuwa, wanda asalin dabararsa ta fito daga E. A. Johnson na cibiyar binciken rada ta Malvern a Ingila a 1965, wanda kuma iPhone ta yaɗa a duniya daga 2007, ba ya bukatar danni. An saƙa wa gilashin wani raga na hanyoyin lantarki waɗanda ido ba ya gani, na tsaye da na kwance. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, don haka in yatsa ya sauka sai ya ɗan janye wani abu daga mahaɗar da ke ƙarƙashinsa. Wata 'yar ƙwaƙwalwa, wadda sau da yawa a jikin zirin kansa aka ɗora ta, ita ce ke lissafa wurin ta aika wa fanel ta hanyoyi kamar shida: biyu na wuta, biyu na saƙo, ɗaya na faɗakarwa cewa an taɓa, ɗaya na tayarwa. Shi kuwa zirin da ke kai hoto, a ƙananan alluna masu inci 5 ko 7, yakan kai baki 40 ko 50. A nan ne ake gane dalilin da ya sa manomi mai kantar hannu wani lokaci yake shafa allo ya ƙi amsawa, ɗansa ya shafa ya amsa: busasshiyar kanta ba ta wuce da lantarki sosai. Allon lafiyarsa lau, kada a kai shi wurin gyara.

Abin da ke lalata shi

Jan ƙarfe yana da hali ɗaya da kowa ya sani. In aka kama waya aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya, sai ta yi tauri, sa'an nan ta karye. Haka zirin yake. An yi shi ne don ya lanƙwasa a hankali kamar baka, ba don a ninke shi kamar takarda ba. Ko manyan kamfanoni sukan yi kuskure a nan. Kwamfutar cinya ta MacBook Pro wadda Apple ya fitar a 2016 an yi mata ziri gajere, kullum aka buɗe murfi sai ya ɗame, har hasken allo ya soma mutuwa a hannun mutane da yawa. A samfurin 2018 aka ƙara wa zirin tsawon kimanin milimita 2, a 2019 kuma kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta ga masu ƙaramin samfurin. Milimita biyu ke nan.

A ƙasar Kano kuwa akwai ƙarin abokan gāba. Akwai ƙurar hunturu wadda ke shiga maƙala ta zauna tsakanin baki da baki. Akwai zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga na'ura ajiye kan tebur a rana ko a bisa allon mota. Zafi yana sassauta gam, yana kuma kumbura batir, batir in ya kumbura sai ya tunkuɗo gilashi sama ya ja zirin. Akwai gumi da ruwan damina, waɗanda ke barin koren tsatsa a bakin jan ƙarfe. Akwai faɗuwa daga aljihu a kan babur. Amma in za a faɗi gaskiya, mafi yawan zirin da ya yage ba rana ce ta yaga shi ba, hannun mutum ne. Wani ya buɗe na'ura don sauya batir, ya ɓamɓare murfi da ƙarfi bai san akwai ziri maƙale a ciki ba, ko ya soka wuƙa ta yi zurfi.

Gane cuta

Mai gyara na ƙwarai ba ya soma da ƙarfe mai zafi, da tambaya yake somawa. Yaushe abin ya fara? Ta faɗi ne? An taɓa buɗe ta? In allon yana taɓa kansa ba yatsa, kuma sai lokacin da ake caji yake yin haka, to a fara da sauya caja, domin caja marar kyau tana aika hayaniyar lantarki da ke ruɗa allo. In hoto yana nan garau amma yatsa ba ya aiki ko'ina, ana zargin zirin taɓawa ko ƙwaƙwalwarsa. In wani layi ɗaya ne kawai ya mutu, daga sama har ƙasa, to hanya ɗaya ce ta ragar ta katse, kuma galibi a gindin gilashi. In allon ya yi fari fat, ko launi ya jirkice, ko layuka sun ratsa shi, zirin hoto ne. Babbar alama kuwa ita ce cutar da ke zuwa tana tafiya: a matse gefen na'ura ta gyaru, a saki ta komo. Wannan kusan kullum ziri ne ko maƙalarsa.

Da an buɗe, abu na farko shi ne a cire batir daga fanel. Wanda ya zare ziri wuta tana ciki yana iya haɗa bakin wuta da na saƙo ya ƙone ƙwaƙwalwa, garin neman gira a rasa ido. A lokacin hunturu kuma, da yake iska ta bushe, jikin mutum yakan tara lantarkin nan da ke sa riga ƙara in an tuɓe ta da dare. Ɗan wannan ya isa ya kashe ƙwaƙwalwa, saboda haka mai gyara ya taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya sa hannu.

Maƙalar tana da ɗan murfi siriri wanda ake ɗagawa da farce, sa'an nan zirin ya zaro ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. A goge bakinsa da sifirit mai tsabta, a busa maƙalar, a mayar da shi a miƙe har ya kai ƙarshe, a rufe murfin. Na'urori da yawa a nan suke warkewa, aikin minti biyar. Abin takaici shi ne a nan ne kuma gaskiyar mai gyara take shiga jarrabawa, don mai kaya bai ga abin da aka yi ba, ana iya ce masa an sa sabon allo.

In wannan bai yi ba sai a ɗauko gilashin ƙara girma, ko madubin likita ga wanda ya mallaka, a bi zirin kaf, musamman inda ya lanƙwasa. Tsagar da ta katse jan ƙarfe wani lokaci ba ta huda ledar sama ba, sai an haska fitila ta baya ake ganinta. Daga nan sai mita. A sa ta a ma'aunin da ke kuka in hanya ta haɗu, a ɗora tsinke ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan, a bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ana ɗan motsa zirin. Wadda ta yi shiru, ko take kuka tana yankewa, ita ce. In tsinken mita ya yi kauri, a ɗaura masa allurar ɗinki.

Ɗinki

In farin ziri ne mai zaruwa, a ƙirga bakinsa, a auna tazararsu da tsawonsa, a kuma lura ko bakin biyu fuska ɗaya suke kallo ko kuwa ɗaya sama ɗaya ƙasa, sa'an nan a nemo irinsa. Wanda ya manta da wannan na ƙarshe zai sayo abin da ya shiga daidai amma bai taɓa komai ba.

Mai launin zuma wanda ya yage a tsakiya shi ne ainihin aikin gwaninta. Da farko a kwantar da shi a kan abu mai shimfiɗa, a haɗa leɓɓan yagar daidai, a manne ta baya da salatif mai jure wuta don kada ta motsa. Sa'an nan a ɗauki reza ko wuƙar fiɗa, a kankare ledar sama a hankali, ta wannan gefen yaga da wancan, har jan ƙarfe ya yi ƙyalli. Kankara ake yi, ba yanka ba. Hannu in ya yi nauyi kaɗan sai ya tafi da hanyar gaba ɗaya. A nan akwai wata dabara wadda masaƙi ma ya san ta. In zare uku suka tsinke a jere, ba ya ƙulla su a layi ɗaya, domin ƙullin zai yi tudu. Haka mai gyara ba ya kankare hanyoyin da ke maƙwabtaka a wuri ɗaya. Ta farko kusa da yaga, ta biyu a ɗan nisanta, ta uku a komo kusa, don kada dalmar wannan ta malala ta taɓa waccan.

Bayan kankara sai sinadari. Wannan kalma, wadda yau ake amfani da ita ga kowane irin haɗin kimiyya har da kayan miya, tsohuwar kalma ce ta maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, ma'anarta kuwa abin da ake liƙa ƙarfe da ƙarfe da shi. Masu gyaran waya sun fi cewa fes, amma aikin ɗaya ne: ya wanke dattin fuskar jan ƙarfe don dalma ta kama. A shafa ɗan kaɗan, a ɗauko ƙarfen soda mai baki kamar allura, a taɓa kowace hanya da ɗigon dalma har ta yi fari. Dalmar da aka saba da ita haɗi ce ta kuza kashi 63 da dalma kashi 37, tana narkewa a digiri 183. Wadda babu dalma a cikinta, irin wadda dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa masana'antu tun 2006, sai wajen digiri 217. Bakin ƙarfen akan sa shi wajen digiri 300 ko sama kaɗan, amma kada ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu a wuri guda. Ledar ba ta narkewa, gaskiya ne, amma gam ɗin da ya riƙe jan ƙarfen a jikinta yana sakewa, sai hanyar ta ɗago ta nannaɗe.

Sa'an nan a kawo zaren da za a yi gada da shi, wanda masu gyara ke kira jamfa, sunan da ya yi karo da na riga amma ba ruwansu da juna. Waya ce ta jan ƙarfe mai rufin fenti, kaurinta kashi 1 cikin 10 na milimita ko ƙasa da haka. A ƙone fentin bakinta da dalma, a riƙe ta da hantsaki, a liƙa wannan gefe, a tsallake yagar, a liƙa wancan, a yanke saura. Kada a ɗame ta, a bar mata ɗan sassauci. In hanyoyi biyu ne da ke tafiya tare kamar tagwaye, irin waɗanda ke ɗauke da hoto cikin sauri, to gadojinsu su zama gajeru kuma tsawonsu ɗaya, domin saƙon rabe yake tsakaninsu kuma tilas su isa tare.

Kowace gada in an gama ta a auna ta sau biyu: a tabbatar ta haɗu da kanta daga baki zuwa baki, a kuma tabbatar ba ta haɗu da maƙwabciyarta ba. Awo na biyun shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa, shi ne kuwa wanda ke hana ƙonewa. In duk sun yi, a wanke sauran sinadarin da sifirit, don wanda aka bari yana jawo danshi ya ci jan ƙarfe daga baya. A shafa koren fentin nan da ke daskarewa in an haska masa shuɗiyar fitila, a ɗora salatif sama da ƙasa. Wurin da aka ɗinka ba ya sake lanƙwasuwa har abada. In yagar ta faɗo daidai kan lanƙwasa, sai a yi dabarar gusar da lanƙwasar gaba ko baya, in kuwa babu sarari, to ɗinkin ba zai daɗe ba, kuma ya kamata a gaya wa mai kaya tun kafin a karɓi kuɗinsa.

Inda hannu ba ya kaiwa

Akwai wurin da gwaninta take tsayawa, shi ne inda ziri ya haɗu da gilashi. Hanyoyin da ke jikin gilashi ba jan ƙarfe ba ne, wani shafe ne mai haske wanda dalma ba ta kama shi. A masana'anta ana liƙa su ne da wani gam na musamman mai ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe ƙanana ƙwarai. In inji ya danna da zafi da nauyi daidai gwargwado, ƙwayoyin da suka faɗa tsakanin baki na sama da na ƙasa sai su matse su haɗa su, waɗanda suka faɗa a tsakanin hanyoyi kuwa ba su taɓa juna. In zirin ya ɗago daga nan, wasu sukan goga masa ƙarfe mai zafi ta kan roba, ko su cusa takarda ta danne shi. Wani lokaci yakan yi kwana biyu yana aiki. Wannan dai lallaɓawa ce. Maganin gaskiya sai injin liƙi da sabon gam, wanda ba kowane shago ke da shi ba ko a Farm Centre, balle a bakin titin Bacirawa. In babu shi, sai sauya allo.

Zirin tawadar azurfa shi ma ba a kai masa wuta. Akwai tawada mai ɗaukar lantarki da ake zana hanyar da ita da bakin allura a bar ta ta bushe. Tana yi ga hanyoyi masu faɗi, ba ta yi ga masu cinkoso.

To, yaushe ne ɗinki ya fi sauyi? Ga wayar da ta cika kasuwa, wadda allonta yake a kowane shago, sau da yawa sauyawa ta fi arha in aka lissafa lokacin mai gyara, kuma masu gyara sun san haka. Shi ya sa da yawa daga cikin yaran da ake yayewa a yau masu sauyi ne kawai, ba masu gyara ba: a cire wannan, a maƙala wancan. Amma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, lissafin ya soma juyawa. Bayan haka akwai alluna waɗanda ko da kuɗi ba a samun madadinsu a Kano: na injin hasken rana, na ma'aunin awo, na na'urar gwaji a ƙaramin asibitin karkara, na rediyon mota, na injin buga takardu. Na'ura ce mai tsada take zaune a banza saboda zare uku da ba su kai gashi ba. A irin wannan, awa biyu na mai ido da haƙuri sun fi jiran wata biyu kafin kaya su iso daga Sin. Na'urar POS kuwa tana da nata sharaɗi. Da yawa an yi su ne ta yadda in aka buɗe cikinsu sai su kulle kansu su goge makullan sirrinsu, don kare kuɗin jama'a. Saboda haka kafin a sa mata sukundireba a tambayi kamfanin da ya bayar da ita.

Duniya ma ta soma komowa kan wannan magana. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki. Faransa ta wajabta tun Janairun 2021 a riƙa rubuta wa wayoyi da wasu na'urori maki da ke nuna sauƙin gyaransu, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara. Abin da Turai take kafa wa doka shi ne abin da jakunan Ungogo suke yi tun kafin 1965, sai dai su ba su da maƙeran allo, sai abin da aka ƙero aka aiko musu.

Saura magana guda wadda ba a cika yi wa almajiran wannan sana'a ba. Dalma guba ce, ba ta fita jiki da sauƙi, kuma yara ta fi yi wa illa. Mutanen Arewa sun ga haka a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Abin da ke teburin mai gyara bai kai wannan ba ko kusa, amma kullum ne, shekara da shekaru. Yaron shago yakan riƙe zaren dalma da haƙori don hannuwansa biyu suna aiki, yakan kuma ajiye ƙarfe ya sa hannu a kwanon garaugarau. Kada a sa dalma a baki, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a zauna inda iska ke kaɗa hayaƙin sinadari ta kawar da shi daga fuska. Batir mai kumburi kuwa kada a huda shi ko a matse shi, yana iya kamawa da wuta nan take. A ajiye shi cikin gwangwani mai yashi, nesa da danga da rumbu.